Nas Naomi da Audugar Garkar Dodo

Waɗanda suka zauna Tudun Wada ta Sakkwato a zamanin mulkin soja, lokacin da kuɗin man fetur ya fara shigowa gari, har yau in ka ambaci Naomi matar Bitrus mai famfo sai sun yi murmushi kafin su ba ka labarinta. Gajeruwar mace ce, baƙa, mai saurin tafiya da saurin baki, irin mutanen nan da in tunani ya faɗo musu ba sa iya zama sai sun gan shi a ƙasa. A wani ƙauye na ƙasar Zuru aka haife ta. Mahaifinta manomin dawa ne da auduga, kuma tun tana 'yar shekara bakwai take bin sa gona da kwando ranar cira. Ta yi makarantar mishan zuwa aji bakwai, ta samu horon taimakon jinya, sannan ta auri Bitrus, wani dogon mutum marar yawan magana da ya koyi haɗa famfo a Kontagora. Shekarar da yaƙi ya ƙare suka tattaro zuwa Sakkwato, shi yana bin sababbin gine-ginen gwamnati yana ja musu ruwa, ita tana ɗakin mata a asibiti. Suka kama ɗaki biyu a Tudun Wada, nan suka haifi 'yarsu Esther, maƙwabta suka koma ce mata Maman Esther. A asibiti kuwa Nas Naomi ce.

Shekarar amai da gudawa ce ta haɗa ta da Iyatu. A kan amalanke aka kawo matar daga Ƙofar Rini, ido ya faɗa, fata ta yamutse, mijinta Malam Dodo yana biye da ƙafa ko takalmi babu. Mutum biyu suka nemi jijiya suka rasa. Naomi ta durƙusa ta lalubi bayan hannun matar har ta samu, ta ɗaura mata ƙarin ruwa, ta tsaya da agogon da ke maƙale a ƙirjinta tana ƙidaya ɗigo. In ya yi sauri ta murɗa 'yar tayar da ke jikin robar ta rage shi, in ya yi nauyi ta sassauta. Kwalba tara Iyatu ta sha. Rana ta huɗu ta tashi zaune ta nemi kunu. Tun daga nan ba ta sake kiran Naomi da suna ba, sai ɗiyata, Naomi kuma ta ce mata Inna. Duk Lahadi bayan an tashi daga majami'a Naomi kan goya Esther ta tafi Ƙofar Rini, ta zauna a tabarma tana taya Iyatu gurza auduga, suna hira har la'asar.

Kaɗi ne sana'ar Iyatu, kuma masaƙan unguwa sun san zarenta ko da ido rufe, don ba ya ƙulli ba ya tsinkewa. Amma bayan babban farin nan sai auduga ta yi wuya. Damina ta koma ɗaukewa da wuri, ta bar auduga tana tsakiyar fure. 'Yar wadda aka samu manyan motoci su kwashe zuwa injin gurza, abin da ya rage a kasuwa gajera ce mai datti. Sau da yawa Naomi kan tarar da mazari a rataye, Iyatu na zaune hannu a cinya. Ba ta taɓa yin kuka da rashin ba, sai dai ta ce yatsunta sun fara ƙagewa don rashin aiki.

Wata Lahadi a farkon shekara ta saba'in da shida Naomi ta raka Iyatu kai wa Dodo fura a garkarsa, wato lambunsa, da ke bakin fadama. Suka same shi shi kaɗai a bakin rijiya yana jan jigo, gumi na zuba. 'Ya'yansa maza biyu sun bi kamfanin gini, ɗaya lebura ɗaya direban tifa, don a lokacin ba saurayin da ke son duƙawa a kan albasa alhali ana kiran ma'aikata ko'ina. Naomi ta tsaya tana kallon ruwan yana bin magudana, yashi na shanye shi tun bai kai fangali na uku ba. Can gefen shinge ta hango tsirarun itatuwan auduga sun bushe a tsaye. Ta tambayi Dodo me ya sa bai ba su ruwa ba. Ya ce kaɗa, haka yake kiran auduga kamar sauran Sakkwatawa, tana son ruwa wata uku bayan ɗaukewar damina, shi kuwa kafaɗarsa ba za ta ɗauki albasa da kaɗa a lokaci ɗaya ba.

Washegari tana bakin gadon wata mai jego tana gyara gudun ƙarin ruwa, sai hannunta ya tsaya a kan 'yar tayar. Ta dubi kwalbar, ta dubi ɗigon da ke sauka ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya faɗi ƙasa. Da aka tashi aiki ba ta iya zuwa gida ba, kai tsaye ta nufi inda Bitrus ke aiki, ta same shi a cikin rami yana ɗaure bututu.

"Baban Esther," ta ce tana haki, "in aka ɗora duro a bisa aka sa masa bututu, ruwa zai yi tafiyar taku nawa da kansa?"

Ya ce ya danganta da tsawon abin da aka ɗora shi a kai, ya tambaye ta me za ta yi da shi.

"Auduga zan ɗaura wa ƙarin ruwa."

Bitrus ya ajiye sifana, ya dube ta sosai, ya tambaye ta ko ta ci abinci. Ta ce ba ta ci ba kuma ba shi ne a gabanta ba. Ya goge hannu da tsumma, ya ce gindin auduga nawa take nufi. Da jin wannan tambaya ta san ta samu abokin aiki.

Dodo ne ya fi wuya. Ya yi dariya har sai da ya dafe hula, ya ce shi a saninsa kaɗa ba ta da jijiya. Naomi ta ce tana da saiwa, kuma saiwa ta fi jijiya sauƙin samu. Ba hujjarta ce ta sa ya yarda ba, Iyatu ce ta ce masa ita dai ta ga abin da wannan roba ta yi a jikinta, ya ba yarinya ƙasa ta gwada. Ya yanka mata kusurwar gabas, taku ashirin da 'yan kai.

Daga nan Naomi ta zama abin tsokana a asibiti. Ta je wa babbar sista da roƙo a riƙa ba ta robobin ƙarin ruwa da aka gama da su. Sista ta yarda da sharaɗi: a cire allura a nan asibiti, kada a haɗa da robobin ƙarin jini, kuma a dafa su. Sauran nas-nas suka shiga tara mata, suna tambaya yaya jikin majinyatanta na gona. Ita kuwa ko a jikinta. Duk Asabar tana tafasa robobi a tsohuwar tukunya, ta shanya su a igiya kamar taliya, ta ƙidaya, ta sake ƙidayawa. A wata bakwai ta tara ɗari da ashirin. Bitrus ya yi ta tsinto guntayen baƙin bututun roba da 'yan kwangila ke zubarwa, ya harhaɗa su. Yana gasa ƙusa a wuta ya huda bututu, ya cusa bakin roba, ya naɗe da tsohuwar robar tayar keke don kada ya yi yoyo. Ya kafa azara huɗu kusa da rijiya ya ɗora duro a kai, daidai tsawon kansa.

Ƙarshen watan Agusta suka shuka, kowane gindi da robarsa a kwance kusa da shi. Damina ta raine su mako uku ta ɗauke. Ranar da za a buɗe duro Naomi ta riga kowa zuwa. Dodo ya cika shi da jigo, Bitrus ya murɗa famfo, suka kasa kunne. Bututu ya yi ta gurnani yana fitar da iska. Sai robar farko ta ɗiga, ta biyu ta ɗiga. Naomi ta bi layin da gudu tana duƙawa a kan kowane gindi, zane na kwancewa tana ɗaurewa, har ta kai na ƙarshe. Ta jira a durƙushe, da ɗigon ya faɗo ta miƙe ta rangaɗa guɗa irin ta matan ƙauyensu, har masu garkar maƙwabta suka leƙo ta kan shinge.

Kwana biyu rabin robobin suka toshe da laka. Ta bi su ɗaya ɗaya tana hurawa da baki, sannan ta ninka bandeji sau takwas ta ɗaure a bakin duro, Bitrus ya ƙara tulu mai yashi wanda ruwa zai fara bi. Matsalar ta kau. Dodo dai bai gamsu ba, don ƙasar a bushe yake ganinta, ban da ɗan danshi kamar tafin hannu a gindin kowace shuka. Naomi ta ce ya tona. Ya sa hannu ya yi ta tonawa, danshin na ƙara faɗi a ƙasa kamar cikin tulu, har ya kai gwiwar hannu bai ga ƙarshensa ba. Ya zauna daɓas. Duro guda ke nan a yini, aikin da da zai ci masa jan jigo tun hantsi har azahar. Daga ranar ya daina dariya, ya fi ta ɗoki ma.

Ɗokin nan ne ya ja musu asarar shekarar. A lokacin gwamnati ta ce kowa ya yi noma, har makarantu da barikin soja, takin zamani kuma ana sauke shi a gari kusan kyauta. Dodo ya samo buhu biyu na yuriya, fari tas kamar sukari. Bitrus ne ya ce tunda yana narkewa, a zuba a duro ya bi ruwa zuwa saiwa, ba sai an barbaɗa ba. Naomi ta yi tsalle da wannan dabara, amma ba wanda ya tsaya tambayar nawa za a zuba. Dodo ya ga yadda ɗan kaɗan ya gyara masa albasa, sai ya riƙa juye rabin mudu duk mako, in ya ga ganye ya yi kyau ya ƙara.

Auduga ta haukace. Ta wuce ƙugu, ta wuce kafaɗa, ta wuce kan Bitrus, ganye kamar faifai, kore har ya yi duhu. Mutane suka riƙa zuwa kallo daga cikin gari. Naomi ta kawo abokan aikinta biyu su gani, tana shiga tsakanin layuka ta ɓace. Sai da fure ya zo aka gane akwai magana. Yau ya buɗe, jibi ya zube. Ƙwarin darɓa suka cika bayan ganye, 'yan ƙwallayen da suka kama a ƙasa suka ruɓe a inuwa. Da aka yi cira, duk dajin nan ƙwarya ɗaya ya bayar. Iyatu ta karɓa ta juya ta a hannu, ta yi godiya.

Kwana biyu Naomi ba ta da walwala. Rana ta uku tana auna maganin tari a cokali sai ta ji kunya ta kama ta. Ita da ba ta taɓa ba mara lafiya ƙwaya ba tare da awo ba, ta bar tsoho yana ɗura wa shuka taki da mudu. Ta nemi izinin awa ɗaya ta tafi ofishin gona, aka haɗa ta da wani malamin gona mai suna Bawa. Ya saurare ta baki buɗe. Ya ce yuriya abincin ganye ne, in ya yi yawa auduga sai ta manta da 'ya'ya. Ya san buhu nawa ake barbaɗa wa eka, amma bai taɓa jin an ba da shi ta ruwa ba, ba zai yi mata ƙarya ba. Ta ce ya gaya mata na ekar kawai, da yawan gindin da eka ke ɗauka. A nan kan teburinsa ta raba lissafin a bayan ambulan, ya fito mata kwalin ashana uku a mako ga gindi tamanin. Ta dubi adadin ta ga ya yi kaɗan ƙwarai, ta kasa yarda da shi, ta kuma kasa ƙaryata shi.

Don haka damina ta gaba ta sa Bitrus ya kafa duro uku, kowanne da layinsa na gindi tamanin, roba ɗaya a tsakanin gindi biyu. Duro na farko kwalin ashana ɗaya a mako, na biyu uku, na uku gwangwanin madara cike. Ta rataya wa kowanne kati irin na ƙafar gadon asibiti, tana rubuta rana da awo da tsawon shuka. Ta kuma sa aka maƙala wa murfin kowane duro kwaɗo, makulli a ɗaure a bakin zanenta, an bar ƙaramar kafa ta zuba ruwa kawai. Dodo ya ce shekararsa sittin ba a taɓa kulle masa abu a garkarsa ba. Naomi ta durƙusa ta ba shi haƙuri, amma ba ta ba shi makulli ba. Shi ma dariya yake ƙunshewa.

Ruwan ma ta sa masa ƙa'ida. Tun shuka na ƙarama, ɗigo sittin a minti, rabin duro ke nan a yini. Da ta ga alamar fure ta ninka. Kafin ta tafi aiki sai ta biya garka da agogonta ta bi robobin, bayan ta tashi ta sake biyawa. Ta koyi karanta ganye: in ya lanƙwashe da rana tsaka ya miƙe da la'asar, lafiya, in har la'asar bai miƙe ba, akwai robar da ta toshe. Takin kuwa ta tsayar da shi gaba ɗaya ranar da ƙwallayen farko suka kai girman goro.

Kafin sanyi ya kama sosai ko makaho ya shafa zai bambanta layukan. Na farko gajere ne, ganyen ƙasa ya yi rawaya. Na uku ya kama hanyar haukan bara. Na tsakiya iyakarsa ƙugu, rassa sun baje sun sunkuya da nauyi. Wata safiya Naomi ta ƙidaya ƙwallo ashirin da biyu a gindi ɗaya, ta ƙi yarda da idonta, ta kira Dodo ya ƙidaya, shi ya samu ashirin da uku. Ranar ko a ɗakin mata sai da kowace mara lafiya ta ji labarin.

A watan Fabrairu ne suka yi saɓani na gaske. Ƙwallaye sun cika sun yi tauri amma sun ƙi fashewa, shuka kuma sai sabon toho take fitarwa. Dodo ya tare ta a bakin rijiya.

"Ɗiyata, ki rufe ruwan ga," ya ce. "Kaɗa ta ƙoshi. Ƙishirwa ta ka so yanzu."

"Baba, wata biyar ina raino. In rufe in tsaya ina kallo su mutu?"

"Ba mutuwa za su yi ba. Taki kin fi ni sani, na yarda. Wanga kuwa tun ba a haife ki ba ni ka ganinai."

Naomi ta ƙi. Duk abin da ta koya a aiki shi ne ba a cire wa mai rai ruwa yana buƙata. Suka kai maganar gaban Iyatu, ita kuma ta ce a gonar mahaifinta ba ta taɓa ganin auduga ta buɗe ƙasa na da danshi ba, ta tambayi Naomi ko ta taɓa gani a tasu gonar. Naomi ta yi tunani ta tuna yadda ƙasa kan tsage a ƙarƙashin ƙafarta ranar cira. Ta yarda, amma ta roƙi a yi shi a hankali. Mako guda tana rage ɗigo, rana ta takwas ta murɗe famfunan uku da hannunta. Ganye ya yi laushi, ya yi ja, ya fara zuba. Ta kasa jurewa. Karo na farko tun da aka fara aikin, ta yi kwana shida ba ta taka garkar ba.

Rana ta bakwai da azahar aka ce mata mijinta na bakin ƙofar asibiti. Ta fito da sauri, don Bitrus bai taɓa barin aiki da rana ba. Ta same shi a kan babur ɗinsa bai ko kashe ba, ya ce ta hau. Ta yi ta tambaya a hanya ko Esther ce, ko Inna ce, ya ce kowa lafiya. Da suka sauka gangaren fadama ta hango kusurwar gabas, sai ta kama kafaɗarsa da ƙarfi. Layin tsakiya ya yi fari tun daga sama har ƙasa, kamar an shanya wanki. Tun babur bai gama tsayawa ba ta dira, ta shiga da fararen kayan aikinta, ta cafko ƙwallo ɗaya, audugar ta biyo hannunta ba gardama, laushi, tsawo, ba ɗigon datti. Ta yi dariya, ta yi hawaye, ta sake yin dariya. Dodo na zaune a inuwar duro yana cin goro, bai ce mata ai na faɗa miki ba, sai dai ya tambaye ta ko yanzu za a ba shi makullinsa.

Sau uku suka yi cira. Layin farko ya ba da kwando biyu, na uku biyu da rabi, na tsakiya biyar. Iyatu ta gurza, ta shiɓa, ta sauko da mazari, mata suka riƙa shigowa taɓa zaren. Wani masaƙi ya saƙa gwado biyu da shi, ɗaya na Dodo, ɗaya aka kai Tudun Wada.

Malam Bawa ya zo ya kwafe katunan nan uku kaf a littafinsa, ya kuma matsa sai sun kai abin bikin nunin amfanin gona na shekarar. Suka ɗora duro da guntun bututu da gindin auduga guda a motar ofishin gona. Tsakanin manyan tantan da buhunan shinkafa, rumfarsu ce ta fi tara jama'a, Naomi na bayani da Hausa da Turanci har muryarta ta dushe. Hafsan sojan da ya buɗe bikin ya tsaya ya murɗa 'yar tayar da kansa, ya tambaya daga wace ƙasa aka sayo wannan, aka nuna masa Bitrus. Da aka zo rabon kyauta aka kira sunanta, aka miƙa mata takardar yabo da sabuwar butar ban ruwa mai kan shawa. Ta karɓa da hannu biyu, ta dawo wurin zamanta, ita da Dodo suka dubi butar suka dubi juna, suka yi ta dariya a ɓoye har aka tashi.

Ma'aikatar gona ba ta ɗauki dabarar ba, hankalinta na kan manyan madatsun ruwa da ake ginawa a lokacin. Masu garka ne suka ɗauka, kuma ba don auduga ba, don tumatir da barkono da kankana. Robobin asibiti suka kasa isa, Bitrus ya gano cewa bawon siririn wayar lantarki, in an zare tagullar, yana ɗiga daidai gwargwadon tsawon da aka yanka shi. Dodo ya ci gaba da shuka layinsa na kaɗa duk shekara, kwalin ashana uku ba ƙari, har ƙarfinsa ya ƙare.

A ƙarshen daminar saba'in da takwas wata mata mai suna Zainaba ta zo Tudun Wada daga wani ƙauye a hayin gulbi. Ta ce mata goma sha ɗaya ne suka haɗa kai suka samu fili da rijiya, mazansu duk suna birni wurin aiki, suna son a zo a nuna musu. Naomi ta amsa tun matar ba ta rufe baki ba. Sai daga baya ta tuna tafiyar mil tara ce, Bitrus kuma ba shi da hutun Asabar ko ɗaya a wannan watan. Ta ce to ya koya mata babur. Ya ce ai mata ba sa hawa babur a garin nan. Ta ce za su fara.

A filin ƙwallon makarantar firamare ya koya mata, yamma uku. Ta faɗi sau biyu, sau ɗaya ta shiga shingen makarantar, ta tashi ta kakkaɓe ta sake hawa. Ƙafarta da ƙyar take taɓa ƙasa, sai ta koyi tsayawa kusa da dutse ko dakali. Asabar da sassafe ta ɗaura ɗankwali tam, ta sa wandon Bitrus a ƙarƙashin zane, ta rataya naɗin bututu a kafaɗa, ta ɗaure jakar ƙusoshi da kwalayen ashana a baya. Matan layinsu suka fito ƙofar gida suna kallo. Ɗan sandan da ke ba da hannu a mahaɗar kasuwa ya tsayar da tifa biyu ya ba ta hanya, ta wuce shi tana gaishe shi da ƙarfi don ba ta yarda ta saki hannu ba tukuna. Ta haye gada, ta sauka kan burji, ta tambayi hanya sau biyu. Tun daga nesa ta hango matan a tsaye a bakin rijiya, sun riga sun kafa azara sun ɗora duro, amma sun ɗora shi a kife. Ta nemi kututture ta tsaya, ta kashe babur, ta ce su fara sauko da shi tukuna.